Robar Hannu Mai Ɗumi: Ko Babur Ɗin Katsina Zai Iya Ciyar da Ita?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shataletalen Ƙofar Ƙaura bayan sallar asuba a tsakiyar watan Janairu ya san yadda hunturu ke sauya kamannin masu babur. Ba a gane fuskar kowa. Wannan ya naɗe kai da rawani, ido kaɗai ya bari a waje. Wancan ya ɗora jaket ɗin gwanjo a kan doguwar riga. Wani ya cusa ƙafar wando cikin safa. Amma in aka duba hannuwa, nan dabara ke ƙarewa. Wani safar ƙafa ya zura, wani ya jawo hannun riga ya rufe yatsu, wani kuwa da hannun dama kaɗai yake tuƙi, na hagu yana ɓoye a hammata. Da an tsaya jiran fasinja sai ka ga mutum ya sunkuya ya kara tafukansa kusa da inji yana satar ɗumi.

Jiki ana iya lulluɓe shi yadda aka ga dama. Hannu ne ba shi da mafaka. Dole ya zauna a gaba, inda iska ta fi bugawa, kuma shi ke da totur, shi ke da birkin gaba, shi ke da kuloci da oda. A ƙasashen da sanyi ya fi namu tsanani an daɗe da samo wa wannan matsala magani, wato robar hannun babur mai waya a ciki, wadda ke ɗaukar zafi daga batir. Kamfanoni irin su BMW da Honda suna fitar da wasu manyan baburansu da ita tun daga masana'anta, wani kamfani kuma a Ingila mai suna Oxford ya yi suna wajen ƙera wadda mutum zai saya daban ya ɗaura. Ba kaya ba ne da aka saba gani a rumfunan masu sayar da kayan babur na Katsina, amma yau duk mai wayar hannu yana iya cin karo da tallarta a intanet, daga 'yar China mai araha har ta Turai mai tsada. Abin tambaya shi ne ko tana da amfani a nan, kuma ko Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue da suka cika titunan garin za su iya ɗaukar nauyinta.

Wani zai ce ai sanyin Katsina bai kai a yi masa wannan ɗawainiya ba. In aka tsaya ga lamba kawai, yana da gaskiya. A watannin Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauka zuwa digiri 12 ko 14 da asuba, wasu ranakun ya taɓa 10 ko ma ya gota, musamman a bayan gari. Kafin la'asar kuma ya haura zuwa kusan 30. Wannan babbar tazara tsakanin dare da rana aikin busasshiyar iska ce. Idan sama ba gajimare, iska kuma ba laima, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan tsere cikin dare ba abin da zai tare shi. Shi ya sa mafi tsananin ɗari ke zuwa dab da fitowar rana, ba da tsakar dare ba, kuma a Janairu rana ba ta fitowa a Katsina sai wajen ƙarfe 7 saura. Iskar kanta daga arewa maso gabas take tasowa, ta keto Sahara ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki da masana ke cewa babu wuri ɗaya a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Ba banza ba aka zaɓi Lambar Rimi, a kan hanyar Kano, aka kafa fankoki 37 na samar da lantarki daga iska.

Sai dai lambar da ma'auni ya nuna ta mutumin da ke tsaye ce. Mai babur nasa lissafin daban. Fatar mutum kullum tana ɗumama wata 'yar siririyar iska da ke manne da ita, wadda ke zame mata kariya. Guguwa ko gudu suna share wannan iska, jiki ya sake ɗumama wata, a sake sharewa, haka zafi ke ta zuba. Waɗanda suka fara auna wannan su ne wasu Amurkawa biyu, Paul Siple da Charles Passel, da suka riƙa rataye gwangwanayen roba cike da ruwa a cikin iskar Antaktika suna duba saurin daskarewarsa, suka wallafa sakamakon a 1945. A 2001 hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suka gyara lissafin, shi ake amfani da shi yanzu. Bisa wannan lissafi, idan zafin gari digiri 10 ne, mai gudun kilomita 20 a awa zai ji kamar digiri 7 ne, mai gudun kilomita 60 zai ji kamar 5, mai gudun 80 kuma kamar 4 da ɗoriya.

A lura da yadda lambobin suka jeru. Yawancin asarar tun a ƙaramin gudu take faruwa, don haka rage totur daga 80 zuwa 60 ba zai dawo da ɗumin hannu ba. Wanda kuma ya nufi Daura ko Kaita da safe yana fuskantar iskar ce kai tsaye, gudunta da nasa sun haɗu.

Akwai abin da ake yawan fahimta a karkace. Iska, komai ƙarfinta, ba ta iya sanyaya busasshiyar fata ƙasa da sanyin garin kansa. Saurin kai ta can kawai take ƙarawa. Ke nan a digiri 10 yatsa ba zai daskare ya mutu ba kamar yadda ake ji a Rasha. Amma ba sai ya daskare yake zama haɗari ba. Da jiki ya ji sanyi, abin da yake fara yi shi ne tsuke ƙananan jijiyoyin jini na hannu da ƙafa, don ya tsare digiri 37 na ƙirji da ciki da ƙwaƙwalwa. Hannu shi ake fara yankewa rabo. Fatar yatsa da a cikin ɗaki take haura digiri 30 sai ta riƙa sauka, kuma binciken da aka daɗe ana yi kan sojoji da ma'aikatan wuraren sanyi ya nuna cewa daga wajen digiri 15 zuwa ƙasa, yatsu na rasa saurinsu da ƙwarewarsu. In an ƙara sauka, jin taɓawa ma ya dushe. To, tsakanin 10 da 15 ɗin nan, nan ne asubar Katsina take zaune. Abin da ɗan acaba ke nufi ke nan in ya ce hannunsa ya ƙage. Ga hazo ya rage gani, ga akuya ko ɗan makaranta ya faɗo titi, ga yatsun da za su ja birki sun yi nauyi. Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 a kowace daƙiƙa; jinkirin rabin daƙiƙa ya isa ya ƙara mita 8 kafin birki ya fara kamawa.

Kuma lokacin fitar ba zaɓin mai babur ba ne. A Kano an hana ɗaukar fasinja a babur tun watan Janairun 2013, amma a Katsina har yau babur ne ƙafar talaka. Ko lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar matakan tsaro a ƙarshen Agustan 2021, lokacin da aka hana 'yan acaba aiki a babban birnin jihar shi ne daga 10 na dare zuwa 6 na safe. Wato aiki yana buɗewa daidai sa'ar da gari ya fi sanyi: kai yara makaranta, kai ma'aikata tasha, ɗauko kayan gwari zuwa Babbar Kasuwa. Ga malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da ke kwana a birni suna aiki a Batagarawa, Rimi, Kaita ko Mani. Ga masu ciwon sikila, waɗanda sanyi na daga cikin abubuwan da ke tayar musu da ciwo.

Ita robar, ba wani sihiri a cikinta. An naɗe siririyar waya mai taurin kai ga lantarki a cikin roba. In wuta ta bi ta cikinta da ƙyar, sai ta zama zafi. Wani Baturen Ingila, James Joule, ya bayyana ƙa'idar tun farkon shekarun 1840, kuma ita ce ke aiki a dutsen guga na lantarki. Akwai robar dama da ta hagu, da ɗan akwatin makunni da ake ɗaurawa a kan babur, mai matakai daga ɗumi-ɗumi zuwa zafi sosai. Masu kyau ba rage ƙarfin wutar suke yi ba, kunnawa da kashewa suke yi da sauri, ta yadda a ƙaramin mataki batir ke samun hutu. Akwai kuma wata mai araha, 'yar falle ce da ake mannawa a jikin ƙarfe a mayar da tsohuwar roba a kanta, da wata da ake naɗawa daga waje a ɗaure da igiya.

Duka dai tambayarsu ɗaya ce: ina wutar za ta fito?

Robobin biyu, in an ƙure su, suna jan amfiya 3 zuwa 4 a kan bolt 12, wato wat 35 zuwa 50. A babban babur na Turai mai janareto da ke ba da ɗaruruwan wat, wannan ba komai ba ne. A ƙaramin babur mai inji 100 ko 125 kuwa, ƙwan fitilar gaba gaba ɗayansa wat 35 ne. Ɗaura robar tamkar ƙara fitilar gaba ta biyu ce, har da ɗan ƙari, a kan kwayil ɗin da masana'anta ta auna daidai buƙatar da ta sani. Su waɗannan babura wutarsu daga wani faifan maganaɗisu take fitowa, wanda ke juyawa da inji a kewayen kwayil. In inji yana silo wutar kaɗan ce, sai an ba shi totur take ƙaruwa. A yawancinsu kuma an raba ta biyu. Kashi ɗaya yana tafiya fitilar gaba kai tsaye, irin wutar da masu wayarin ke kira AC, shi ya sa fitilar ke yin ja in an tsaya, ta yi haske in an murɗa. Ɗaya kashin ne ke bi ta rektifaya ya zama DC ya shiga batir, kuma ɗan kaɗan ne, an yi shi ne don oda da sigina da fitilar birki da sitata. Daga wannan ɗan kason robar za ta ci.

Batir ɗin kansa ƙarami ne, galibi bai wuce mai amfiya 5 na awa ɗaya ba. In aka bar robar a kunne inji a kashe, kafin awa ɗaya da rabi ta shanye shi tas, tun kafin nan ma sitata ta daina juyawa. Wannan kuwa a sabon batir ke nan. Kowa ya san babur nawa ne a Katsina ke yawo da mataccen batir, ana tayar da su da kik, odarsu na kukan wahala. Da yawa kuma an riga an ɗora musu kaya: wurin cajin waya, sifika ta Bluetooth, fitilun ado shuɗi da ja a ƙarƙashin tanki. Irin wannan babur bai da rarar da zai ciyar da komai.

Don haka aikin farko ba na sukundireba ba ne, na mita ne. Duk mai wayarin da ya san sana'arsa yana da ita. A auna batir inji a kashe: lafiyayye zai nuna kusan bolt 12.6. A tayar, a ba da totur matsakaici: ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. Sannan a haɗa robar na ɗan lokaci, tun ba a cire tsohuwar ba, a kunna ta a sake dubawa a wannan totur ɗin. In lambar ta tsaya sama da 13, babur zai iya. In ta gangaro ƙasa da 12.5 tana ci gaba da sauka, to batir ake tatsa, kuma wata safiya zai ƙi tashi. Wasu kan ce a sauya ƙwan gaba da na LED don a samu rara. Shawara ce mai kyau a babur ɗin da duk wutarsa ke bi ta batir. A wanda fitilarsa ke kan layin AC kuwa, abin da aka rage a can ba lallai ya iso batir ba, tunda hanyoyin biyu ne daban.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba abin da za a kawo wa mai babur bai tambaya ko yana shan fetur ba. A nan hankali ya kwanta. Injin Boxer ƙarami yana ba da ƙarfin doki kusan 8, kowane doki kuma wat 746 ne. Wat 40 a cikin wannan ba zai nuna a tanki ba.

In babur ya ci jarrabawar mita, sai ɗaurawa. Ƙarfen hannun yawancin ƙananan babura kaurinsa milimita 22 ne, shi za a nema; akwai mai milimita 25 na manyan baburan Amurka, wanda ba zai zauna ba. Robobin biyu ba ɗaya ba ne: ta dama raminta ya fi faɗi, domin ba a kan ƙarfe take zama ba, a kan bututun roba na totur take hawa. Tsohuwar roba a tsaga ta da reza a cire, a kankare sauran gam, a goge wurin ya bushe sarai. Wasu bututun totur suna da 'yan tudu-tudu da ke hana sabuwar shiga, sai a goge su da zarto mai laushi. Abin da ba a yi shi ne bugu da guduma ko murɗawa da filaya. Waya ce siririya a ciki, in ta tsinke shi ke nan, ba a ɗinke ta.

Kafin gam ya taɓa komai, a gwada zama. A nan ne ake kuskuren da ke iya kai mutum asibiti. Wayar da ta fito daga robar dama tana juyawa tare da totur, don haka dole a bar mata sassauci, a lanƙwasa ta ta ƙasa yadda za a murɗa totur har ƙarshe a sake shi ya koma da kansa nan take, ba tare da wayar ta ja ko ta taɓa hannun birki ba. A bar 'yar tazara tsakanin robar da akwatin makunnai, kada ta goga. A hagu ma a tabbata kuloci na shiga har ƙarshe. In an gamsu, a yi alama da alli, sannan a shafa gam a tura ta sau ɗaya zuwa alamar, domin gam ɗin da ke zuwa da ita ba ya jira. Kada ɗigo ɗaya ya zurara tsakanin bututun totur da ƙarfe. Totur da ya maƙale a buɗe a cikin cunkoson Ƙofar Ƙwaya ba abin wasa ba ne. A bar babur ya kwana kafin a hau.

Wata 'yar dabara da ba kowa ya sani ba: hannun hagu yakan fi na dama sanyi ko da robobin iri ɗaya ne, saboda ta hagu tana zaune a kan ƙarfe tsirara, ƙarfen kuma yana janye zafin, alhali ta dama bututun totur ya raba ta da shi. Masu amfani da 'yar fallen nan mai araha kan naɗa baƙin salatif a ƙarfen hagu kafin su manna ta.

Sauran aikin na wayarin ne, kuma a nan ya kamata mai babur ya tsaya a kan oga da yaransa, ko da za a ce ya cika ƙorafi. Al'adar da aka saba ita ce a feƙe waya da haƙori, a murɗa ta da wata, a naɗe da guntun leda. Ga sigina tana iya wucewa. Ga abin da ke jan amfiya 4 na tsawon awa, a ƙarƙashin tankin fetur, ba ta wuce ba. Mahaɗar da ba ta kama da kyau ba ita kanta zafi take yi. Jar waya ta tashi daga kan batir, fis mai amfiya 5 ya zauna dab da batir ɗin, ba can nesa ba, domin aikinsa shi ne ya tsinke in waya ta goge ta taɓa ƙarfe. In ya ƙone a nemi dalili a sa irinsa. Cusa zaren waya ko takardar sigari a gurbinsa cire mai gadi ne. Wayar ta zama mai kauri daidai da wadda ta zo da kayan, a bi da ita jikin firam, nesa da kan inji da salansa, a ɗaɗɗaure. Sannan a juya kan babur dama da hagu har ƙarshe a ga ba inda ta ja ko ta matse.

Saura batun mantuwa. In an haɗa kai tsaye da batir, robar za ta ci gaba da ci ko an zare makulli, kuma a garin da yara ke taɓa duk maɓallin da suka gani a babur ɗin da aka ajiye a ƙofar gida ko masallaci, wannan ba sai an jira ba. Masu tsada suna kashe kansu in sun ji inji ya tsaya. Ga sauran, maganin shi ne rile, ɗan akwati mai ƙafa huɗu da ake samu wurin masu wayarin mota. Ƙafa mai lamba 30 tana karɓar wuta daga batir ta bayan fis, 87 tana miƙa wa robar, 85 tana zuwa jikin ƙarfe, 86 kuma tana haɗuwa da wata waya da ba ta da wuta sai an murɗa makulli, kamar wadda ke kai wa makunnin birki. Ba a ɗaukar wannan daga layin fitilar gaba mai AC. Da haka, zare makulli ya kashe komai.

Wajen amfani, a tayar da inji tukuna. A fara da babban mataki na 'yan mintoci, in ɗumi ya kama a sauko. In za a daɗe a tsaye inji na silo, a kashe. Wasu robobin suna kai wa digiri 50, kuma tun 1947 wasu masu bincike biyu a Harvard, Moritz da Henriques, suka nuna cewa zafin digiri 44 ma yana ƙona fata in ya daɗe sa'o'i a kanta, kuma duk digirin da aka ƙara lokacin raguwa yake yi sosai. Hannun da sanyi ya kashe ba ya ba da labari da wuri. Mai ciwon suga da jin yatsunsa ya ragu ya fi kowa buƙatar kiyayewa. Safar hannu ba a yar da ita don an sa roba. Wadda ta fi dacewa ita ce mai siririn tafi da kauri a baya.

Wannan bayan hannun shi ne raunin abin gaba ɗaya. Robar tafi kawai take ɗumamawa. Bayan hannu, da babban yatsa, da yatsun nan biyu da direba mai hankali ke ɗorawa a kan ƙarfen birki, duk suna nan cikin iska. Kuma in ƙirji ya yi sanyi, jiki zai ci gaba da hana hannu jini komai zafin robar. Masu tseren keke a duwatsun Faransa sun daɗe suna cusa jarida a gaban riga kafin su gangaro, don ta tare iska. Kwali ko jarida a ƙarƙashin jaket zai yi wa mai zuwa Dutsin-ma aikin da ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba.

Shi ya sa, in za a faɗi gaskiya, robar mai ɗumi ba ita ce matakin farko ga Bakatsine ba. Sanyin garin mai sauƙi ne, iska ce ke ba shi haƙora, kuma tare iska ba ya buƙatar batir. A China da Koriya da Japan, masu kai saƙo a ƙananan babura irin namu suna amfani da wata jaka mai auduga a ciki da ake ɗaurawa a kan hannun babur, ta rufe roba da birki gaba ɗaya, mutum ya zura hannunsa ciki. A Amurka ma wani mai ƙera kayan babur, Craig Vetter, ya fitar da irinta tun shekarun 1970. Katsina kuwa gari ne na dukawa da teloli da masu ɗinkin kujerar babur. Fata ko tamfol a waje, tsohon bargo a ciki, aikin yini ɗaya ne ga wanda aka nuna wa samfuri. Ɗan acaban cikin gari, mai tsayawa kowane minti biyar yana karɓar kuɗi yana ba da canji, injinsa rabin lokaci a silo, wannan jaka ta fi masa robar lantarki ta kowace fuska. Robar ta fi dacewa da mai doguwar tafiyar asuba, irin mai cin kusan kilomita 80 zuwa Daura ba tsayawa, wanda injinsa ke juyawa da ƙarfin da zai riƙa cika batir. Shi ma in ya haɗa ta da jakar, ƙaramin mataki ya ishe shi, batir ya huta. Ya kuma sa a lissafinsa cewa wata uku kacal zai more ta. Daga Maris zafin Katsina ke doshin digiri 40, sai a zare fis a adana, a riƙa kuma ajiye babur a inuwa, don rana na cin roba.

Jakar ma tana da nata sharaɗin. A babban gudu iska kan tura ta baya ta danne hannun birki ko na kuloci ba tare da mai tuƙi ya sani ba. Birki ya riƙa gogawa yana zafi, ko kuloci ya riƙa zamewa. Don haka ana sa mata wani abu mai tauri daga ciki, lanƙwasasshen ƙarfe da aka ɗaure a bakin hannun babur ko yankin jarka mai kauri, yadda ba za ta taɓa su ba. Bakinta ya zama mai faɗin da hannu zai fita ya koma ba lalube. Kafin a hau babban titi da ita, a gwada a fili: a nemo oda da sigina da makashin inji ba tare da an duba ba, sannan wani ya tsaya a baya ya ga ko fitilar birki na kamawa da kanta in an danna jakar da hannu daga gaba.